Sunan Uwar Nellie Bitsui

Shekara sittin da ɗoriya Nellie Bitsui ta yi a duniya, ba ta taɓa sanin cewa ba a haife ta ba sai ranar da ta shiga ofishin tallafi.

Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta raba jikinta da rigar karan-miski da dogon siket ko da garken tumaki za ta. A saman Baƙin Tudu take zaune, can ƙasarmu ta ƙabilar Dine, 'yan asalin da Turawa suka tarar, a kagon itace da laka da mijinta ya gina mata, ƙofa tana kallon gabas kamar ta kowa. Kiwo da saƙar darduma, su ne abin da ta tashi ta tarar, kuma su ta riƙe. Idan ka ga dardumar da ta fito daga masaƙarta ba sai an faɗa maka ba, don tana matse zare har ruwa ya tsaya a kai.

Suna kam tana da shi har uku. Akwai na asali, wanda kakarta ta raɗa mata a kunne, ba a kiransa a banza. Akwai Nellie, wanda matar mai kanti ta laƙa mata don ta sami abin rubutawa a gefen darduma. Bitsui kuwa na mijinta ne. Cikin ukun babu wanda hukuma ta sani. A kago aka haife ta, ba a asibiti ba. Duk shekarar da motar gwamnati ta hawo tudu kwasar yara zuwa makarantar kwana, sai kakarta ta tura ta tsakiyar tumaki ta rufa mata fata, ta fito tana rantsuwa cewa gidan nan ba yaro ko ɗaya. Aure kuma, tuwon masara aka zuba a kwando ita da ango suka ci a gaban dangi. Ita da kanta takan ce takardar aurenta ai sun cinye ta.

Duk wannan bai taɓa damun ta ba, domin mijinta yana da takardu. Ba zan kama sunansa ba, ya riga ya tafi. Ya yi aikin haƙar ma'adinai a ƙuruciyarsa, ramin ya cinye masa huhu, daga baya aka riƙa aiko masa da ɗan abu duk wata. Da shi suke sayen itace da ciyawar tumaki, da shi suke biyan mai a-kori-kurar da ke hawo musu da ruwa a duro. Da bazara ya mutu, kuɗin suka bi shi. Kafin nan ma yanar ido ta rufe wa Nellie gani, har ba ta iya raba baƙin zare da ruwan toka, masaƙa ta zama wurin rataye bargo.

'Yarta guda, Verna, tana aikin wanki da guga a birnin Phoenix. Ba mace ce mai kewaye-kewaye ba.

"Inna, ba zan bar ki sanyi ya kashe ki a kan tudun nan ba," ta ce. "Mu je mu nemi tallafin tsofaffi. In an samu, to, ki zauna da tumakinki. In ba a samu ba kafin ƙanƙara ta sauka, ki yi haƙuri, tafiya za mu yi."

Nellie ta taɓa zuwa Phoenix ɗin nan sau ɗaya. Ɗaki ne a saman bene, tagarsa tana kallon bangon maƙwabci. Ta farka da asuba ta rasa ina ne gabas, ta tsaya a tsakar ɗaki da garin masarar da take addu'a da shi a hannu kamar wadda aka sace. Ta san in aka mayar da ita can ba za ta ga wata bazara ba, kuma tana jin tsoron haka har cikin ƙashinta.

Ma'aikaciyar da suka tarar a ofis 'yar Dine ce, Charlene, yarinya mai gilashi da ladabi. Suka gaisa, kowa ta faɗi danginta, sai ga shi a lissafin dangi, ta wajen uba, Charlene jikar Nellie ce. Nellie ta saki jiki, ta ce a ranta faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Kaka, takardar haihuwa fa?"

"Babu."

"Ta makaranta? Ta asibiti? Ko ta coci?"

"Jikata, cibiyata tana binne a garken tumakinmu. In kuna so ku zo da shebur."

Charlene ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta dudduba na'urarta, ta juyo da fuska a sanyaye. "Kaka, ba ki a ko'ina."

"Ga ni kuwa zaune a gabanki. Ido ba mudu ba, ai ya san kima. Dubi kaina, ko furfurar ma aro na yi?"

"Ni na gan ki. Su can sama ba sa gani sai takarda. Amma akwai hanya. A sami babba wanda ya girme ki, wanda yake nan ranar da aka haife ki, ya zo ya yi rantsuwa. Sai a rubuta sunan uba da na uwa, a yi miki takardar daga baya."

Na uba bai ba da wuya ba. Tom ake ce masa a aikin layin dogo, kuma sunan da Bature ya laƙa maka ba ya tayar da kowa, Verna ta faɗe shi aka rubuta. Daga nan Charlene ta sunkuyar da kai, ta rage murya, don ita ma ta san abin da take shirin tambaya.

"Saura na uwa."

Nellie ta miƙe ta gyara bargonta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Wane ɗan Dine ne zai kama sunan mamaci? In ka kira, ana amsawa. Abin da ke amsawar kuma ba uwarka ce da ta goya ka ba, ragowar da ta bari ce, kuma ba ta zuwa da alheri. Verna ta san haka sarai, amma zaman birni ya sa take gani kamar abu ne da za a runtse ido a yi sau ɗaya a wuce. Duk hanya tana mita. "Suna ɗaya tak, Inna! Ki raɗa mini ni in faɗa, in ya so abin ya bi ni Phoenix, ya ga cunkoson motoci ya dawo da kansa." Sai da suka fara hawan tudu sannan Nellie ta buɗe baki.

"Ban san shi ba."

Verna ta kusa sakin sitiyari.

To ina za ta san shi? Tana ƙarama, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, tarin fuka ya kama uwarta. Abin da take tunawa kaɗan ne. Akwai hannu mai ƙamshin hayaƙi yana tsefe mata kai, akwai tarin da ba ya tsayawa. An yi niyyar fitar da maras lafiyar waje kafin rai ya fita, kamar yadda ake yi, sai ƙanƙara ta riga su, uwar ta cika a cikin ɗaki. Aka fasa bangon arewa aka fitar da ita ta nan, aka bar kagon da duk abin da ke cikinsa, har cokula. Yana nan har yanzu a kan gangare, rufin ya rufta, ramin yana kallon arewa. Nellie ta yi shekara sittin tana kora tumaki ta ƙasa da shi ba ta taɓa ɗaga kai ba. Uwar ba ta yi makaranta ba, ba ta ga asibiti ba, ba ta ma daɗe a duniya har a laƙa mata laƙabi ba. Ita dai Nellie Inna take ce mata, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake ambatar ta.

Mutum ɗaya ya rage da ya san sunan, ƙanwar marigayiyar, Minnie Clitso, wadda Nellie ke kira Inna Ƙarama. Ita ce ta riƙe fitila ranar haihuwar, tana budurwa. Ta haura tamanin, ta rame ta zama kamar sanda, amma bakin nan nata ko reza albarka. Ita tana da takardu, domin ta taɓa kwanciya a asibitin masu tari, can aka ba ta suna Minnie.

Suka same ta da hantsi tana soya gurasa. Sai da ta ciyar da su, ta zuba musu kofi, sannan ta saurari abin da ya kawo su. Ta ajiye cokali mai yatsu a hankali.

"Ke Verna, ke kika kitsa wannan? Ruwan famfo ya wanke miki kwanya?"

"Kaka, ba don wasa ba ne. In ba haka ba Inna za ta bar gidanta."

"Sai ta bari! Ni za ku sa in kira abin da ya kwanta? Ku ku koma gidajenku, ni ya zo ya same ni ni kaɗai da kare mai ido ɗaya?" Ta juyo kan Nellie. "Ke kuma, uwar wasu, da furfurarki, kin zauna kina kallona kamar tunkiyar da ta ga wuƙa. Kakarki ta ɓoye ki daga Turawa, yau ke ce kike bin su kina roƙon su rubuta ki. Tir!"

"Inna Ƙarama, ban ce ki faɗa ba," in ji Nellie. "Na zo ne dai."

"Kin zo, kin ci gurasa, sai ki tashi."

Amma da suka fito, Nellie ta waiwaya ta hango ta tsaye a bakin ƙofa, leɓɓanta suna motsi, babu sauti.

Daga ranar Nellie ba ta ƙara samun sukuni ba. Ba a kira sunan ba, amma an taɓo gefensa, kuma ta ji a jikinta cewa an ji su. Tana tsakiyar kiwo da rana tsaka sai ta ji tari a bayanta, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ba ya son ya tayar da yaro. Tumaki suna tari kamar mutane, kowa ya sani, ita ma ta sani. Sai dai in ta juya duk kawunansu suna ƙasa suna cin ciyawa. Wata la'asar guguwa ta taso daga wajen gangare, 'yar siririya, ta sauko ta tsaya a bakin garke tana juyi, ta ƙi wucewa. Kare ya shige ƙarƙashin duro. Nellie ta kawar da kai ta tsaya cik har ta watse.

Abin da ya fi ba ta tsoro kuwa ba guguwar ba ce. Ta gano cewa tana so. Tana son ta ji sunan nan, ko sau ɗaya, ta san da me aka kira matar da ta haife ta. In tana ɓarar masara sai ta kama kanta tana jera sunayen mata a zuci, wannan ko wancan, tana gwada su a kan fuskar da ba ta ma iya tunawa. Sai ta tofar da yawu ta tashi ta kama wani aiki. Shekara sittin ba ta yi kewar uwa ba, don an hana ta, yanzu ga kewar ta zo mata gaba ɗaya tana tsohuwa, kuma ba wanda za ta gaya wa.

Rana ba ta ƙarya. Ganyen itatuwan da ke kwari ya yi rawaya, ruwan duro ya fara kwana da ɓawon ƙanƙara a kansa. Nellie ta sayar da tumaki biyu ta sayi itace, ta duba tulin ta san ba zai kai ta tsakiyar sanyi ba. Verna ta zo ƙarshen mako da kwalaye a bayan mota, ta jera su a jikin bango. Ta riga ta yi magana da wani maƙwabci zai karɓi sauran garken. Nellie ta zauna a bakin gado tana kallon kwalayen da idon da ba ya gani sosai, ta ji kamar ana auna ta.

A wannan makon ne mai kawo ruwa ya zo da saƙo daga Inna Ƙarama. Ta ce a zo a kai ta gari.

Suka tarar ta ci ado, rigar karan-miski ja, sarƙar shuɗin dutse har cibiya, gashi a ɗaure da farin zare. Ta hau gaban mota ta hana a taimake ta.

"Kada wadda ta yi mini godiya," ta ce. "Kuma ba a gidana zan faɗe shi ba. A ofishinsu zan faɗa. In ta taso, ta same su su da suke neman ta, ta zauna a kan benci ta jira layi kamar kowa."

Verna ta tuntsire da dariya. Nellie kuwa duk tsawon hanya rabin ranta tsoro rabi ɗoki, har tana jin kunyar kanta. Yau za ta ji. Ta ƙudura ba za ta toshe kunne ba, ko me zai biyo baya.

Charlene ta shigar da su wani ɗaki na ciki ta rufe ƙofa. Ta sa tsohuwa ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa. Ta tambayi shekarar, Inna Ƙarama ta ce shekarar da aka kwashi samari zuwa yaƙin bayan teku, lokacin da masara ta fara bunƙasa. Ta faɗi wurin, ta faɗi cewa da asuba ne, kuma jaririyar ta zo da gashi cike da kai da ihu kamar na akuya. Charlene tana rubutawa tana murmushi. Daga nan murmushin ya ɗauke. Ta gyara gilashinta, ta ɗan ja kujerarta baya ba tare da ta sani ba.

"Kaka, sunan uwar."

Nellie ta damƙe gefen bargonta. Inna Ƙarama ta buɗe baki, ta rufe. Ta kalli bango, ta kalli rufi, ta sake buɗewa. An daɗe a haka har Verna ta fara muskutawa.

"Rubuta Minnie Clitso," in ji tsohuwa.

Charlene ta ɗago. "Kaka, ai wannan naki ne."

"Na wa kike so ya zama? Ke ba 'yar Dine ba ce? Tambaye ta me take kirana."

Charlene ta dubi Nellie. Da ƙyar Nellie ta ce, "Inna."

"To kin ji. Wa ya goya ta? Wa ya koya mata kaɗi? Wa ya ɗaure mata gashi ranar aurenta? Ƙanwar uwa uwa ce, ko a makarantarku an ce muku ba haka ba ne? Rubuta, yarinya, ƙafata ta fara sanyi."

Charlene ta tsayar da alƙalami. Ta san abin da takarda take nufi da uwa, ta kuma san abin da mu muke nufi. Ta dubi tsofaffin nan biyu, ɗaya ba ta gani, ɗaya ba ta da nama a jiki. Ta sunkuya ta rubuta. Inna Ƙarama ta dangwala yatsa. Charlene ta ce da wannan shaidar za a yi takardar, kuma tunda mai nema ta tsufa ga ciwon ido, za ta tura a fara ba ta wani abu kafin sauran su kammala.

Verna ta fito kamar ta taka rawa. Ta tsayar da mota a gaban kanti ta ce bari ta sayo fulawa da kofi da naman rago, yau sai an yi farfesu. Ta bar su su biyu a zaune, iska tana kaɗa motar kaɗan-kaɗan.

Nellie ta sami abin da ta zo nema. Za ta yi sanyin bana a kagonta, za ta farka ta san ina ne gabas. Amma ranta ba daɗi, kamar wadda aka miƙo wa ruwa aka janye. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta fito da ita.

"Inna Ƙarama, tsoro kika ji?"

"Tsoron me? Ni da ƙafata ɗaya tana can? In ta zo ai rakiya na samu."

"To me ya hana ki?"

Tsohuwa ba ta juyo ba. Tana kallon gilashin gaba, hannuwanta a kan cinya, kuma wannan kaifin bakin duk ya tafi.

"Tun ranar da kuka zo nake nemansa," ta ce. "In kwanta da shi in tashi da shi. Na ce ko in na zauna a gaban hukuma, aka tambaye ni kai tsaye, zai faɗo da kansa. Na buɗe baki, ban tarar da komai ba."

"Ko farkonsa?"

"Ko farkonsa. Yaya nake ce mata. Sunan kuwa sau nawa ma na ji shi? Da ta tafi aka ce mu ɓoye, na ɓoye, na ɓoye, har na ɓoye wa kaina." Ta nuna ƙwaurinta. "Na tuna ƙafarta, tana da tabo a nan inda gatari ya sare ta. Na tuna ba ta cin hanta. Sunan ne babu."

"Ba wani wanda za a tambaya?"

"Wa? Duba ki gani, wa ya rage?"

Nellie ta duba ɗin kuwa, a zuci, gida-gida, tudu da kwari, ba ta sami kowa ba. Matar da ta haife ta ba ta a takarda, ba ta a bakin kowa, yanzu ko an so a kira ta babu abin kira. Duk tsoron da suka sha shekara da shekaru, ashe wadda ake gudun ta amsa ta daɗe da rasa abin da za ta amsa. Wani baƙin ciki ya taso mata wanda ya fi na ranar da aka fasa bango, domin a ranar ba ta san me ake yi ba. Ta ja bargo ta rufe fuska, kafaɗunta suka kama rawa. Inna Ƙarama ta laluba ta kamo hannunta ta riƙe, ba ta ce ta yi shiru ba.

Verna ta dawo rungume da buhun fulawa, ta jefa shi a baya, ta shigo tana haki. Ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Ikon Allah! An ci nasara, ku kuma kun zauna kamar an yi mutuwa?"

"An yi," in ji Inna Ƙarama. "Yau ta ƙarasa. Tayar da mota mu kai uwarki gida."